Harafi Mai Hula

Shekara talatin da ɗaya ina zaune a sama,
cikin kejin gilashi, tashar jiragen ruwan Busan,
ina ɗaga kwantena mai nauyin giwa biyar
in sauke ta kan 'yar'uwarta kamar ƙwai.
Ban taɓa fasa ko ɗaya ba.
A tambayi Pyo, yana nan da ransa.

Yau ga ni durƙushe ƙarƙashin tebur,
tocila a baki,
ina neman sifirin da bai kai farcen jariri ba.

Hwa-gyeong ce ta aiko kwalin daga Daejeon.
"Baba, kallon teku ta taga ya isa. Ga aiki."
Na buɗe: gangar jiki ta sanholo, sanyi ƙalau,
koren faranti mai jijiyoyin tagulla,
soso, sukurori cikin leda,
madannai tamanin da bakwai, tsirara,
hulunansu daban, fari da ruwan toka.
Takardar bayani ta ce awa huɗu.
Wanda ya rubuta ta bai ga hannuna ba.

Kowane madanni sai an buɗe cikinsa,
a shafa masa mai da buroshi mai gashi ƙirgagge.
In ya yi yawa, ya yi nauyin baki.
In ya yi kaɗan, ya yi ƙara kamar yashi a haƙori.
Na goma na farko na zage su.
Wajen na arba'in na daina jin agogo.
Shayin sha'ir ya huce, ya sake hucewa,
wani jirgi ya yi kuka a bayan Yeongdo
ban ko ɗaga kai ba.

Kwana na uku, darma.
Hayaƙinta siriri, yana bin ido duk inda ka kauce.
Ɗigo ɗari da saba'in da huɗu,
kowanne ɗan tudu mai ƙyalli,
ban da wanda ya sauka a babban yatsana.
Uwargida Bang ta hawa na goma ta buga ƙofa
wai ko wani abu ke ƙonewa.
Na ce ni ne.

Na sa musu huluna, sahu sahu.
Na ɗaure sukuron ƙarshe, ban matse ba,
don ƙarfe ma yana son wurin numfashi.
Na danna.
Tok.
Ba kwaram ɗin na ofis ba,
sautin ɗigon farko ne a kan murfin tulu.
Na yi ta dannawa ba komai nake rubutawa ba.

Sai na zo rubuta sunanta.
Harafin farko, ɗan da'irar nan mai hula a ka,
shiru.
Na danna da ƙarfi, na lallaɓa, na hura masa iska.
Tamanin da shida suna amsawa,
shi ya juya mini baya.

Haka na aika, suna ba kai:
"wa-gyeong, na gama."
Kafin in ajiye tabarau amsa ta iso,
harafin nan ne, shi kaɗai, jere guda tara,
don a rubutunmu da shi ake dariya.
Ashe allon da na haɗa
ba ya iya kiran 'yata, ba ya iya dariya.

Ƙarfe ɗaya na dare na sake kwance shi.
Na narkar da darmar, na zaro mai laifin:
ƙafarsa ɗaya ce ta lanƙwashe,
ta kwanta a ƙasa ba ta shiga raminta ba.
Ni na tura shi da gaggawa, na tuna lokacin.
Na miƙar da ita da hantsaki, a hankali,
numfashi a riƙe,
yadda nake yi in iska ta taso
kwantena tana lilo tsakanin jirgi da ƙasa.

Ta shiga.

Ban tashe ta ba, dare ya yi.
Na cika layi biyu da harafin, na goge.
Sifirin ɗin nan kuwa har yau ban gan shi ba.
Da ma sun sako uku na rara.